Yadda Ake Haɗa Jerin 'Yan Wasan Besbol da Mawaƙan da Aka Haifa Rana Ɗaya

Tun ranar da na rubuta cewa ɗan wasan besbol Babe Ruth da mawaƙi Bob Marley ranar haihuwarsu ɗaya, 6 ga Fabrairu, kuma shekara 50 cif ce tsakaninsu, ɗaya a 1895 ɗaya a 1945, tambaya guda ake ta maimaita mini: a ina kake zaƙulo waɗannan? Wasu shirin rediyo suke so su yi da shi, wasu shafinsu na Facebook, wani malamin makaranta kuma ya ce kacici-kacici zai shirya wa ɗalibansa. To ga yadda nake yi, daki-daki.

Sai dai a sani tun farko, samo mutum biyu da suka haɗa rana ba wani aiki ba ne. Sama da mutum 20,000 ne suka taɓa buga MLB, babbar gasar besbol ta Amurka. In ka raba su a kwanakin shekara, kowace rana za ta tashi da hamsin da 'yan kai, mawaƙa kuwa ba a ma maganarsu. Inda gizo ke saƙar shi ne tabbatar da cewa ranar ta gaskiya ce, sannan zaɓen biyun da za su sa mai karatu ya dakata.

Mataki na 1: Tara kayan aiki, ka san abin da za ka kashe

Waya ma ta isa, amma kwamfuta ta fi sauƙi, musamman wajen cika jadawali. Abubuwan da za ka buƙata su ne manhajar jadawali, ko Google Sheets ko Excel. Shafin Baseball-Reference don 'yan wasa. Wikipedia da MusicBrainz don mawaƙa. Sai tarihin 'yan wasa da ƙungiyar masu binciken besbol ta SABR ke wallafawa, wanda shi ne alƙali idan majiyoyi suka saɓa. In ban da Excel na kwamfuta, duk waɗannan kyauta ne. Google Sheets asusun Gmail kawai yake nema.

Kuɗin da zai fita daga aljihunka na data ne da cajin waya. Rubutu ba ya cin data sosai, hotuna ne da bidiyo ke zuƙe ta, don haka ka bar neman hoto sai can ƙarshe, bayan ka san su wa ka zaɓa. Abin da aikin ke ci da gaske lokaci ne. Ni jerin wata guda yakan ci mini yamma biyu, ɗaya ta tarawa, ɗaya ta tantancewa, kuma ta biyun ta fi tsawo.

Gargaɗi: Baseball-Reference na da wani sashe na biya mai suna Stathead, za ka ga ana yi maka tallarsa. Na masu zurfafa lissafin wasa ne. Ranar haihuwa ba ta buƙatarsa, kada ka ɓarnatar da kuɗinka.

Mataki na 2: Shata iyaka kafin ka rubuta suna ko ɗaya

Wannan ne matakin da kowa ke tsallakewa, daga baya ya dawo yana gyara. Ka zauna ka yanke wa kanka hukunci a kan abu uku.

Wane ne ɗan besbol a wurinka? Na MLB kaɗai? In haka ne, Sadaharu Oh na Japan ya fita, alhali shi ne ya buga ƙwallo ta fice daga fili sau 868, abin da babu wanda ya kai a Amurka. An haife shi ranar 20 ga Mayun 1940, rana ɗaya da mawaƙiya Cher, ita a 1946. Asara ce a bar irin wannan. Akwai kuma 'yan gasar baƙar fata ta zamanin wariya, waɗanda MLB ta amince a Disamban 2020 cewa wasanninsu na 1920 zuwa 1948 na babbar gasa ne. Ni ina sa su duka.

Wane ne tauraron waƙa? Mai rerawa kaɗai, ko har makaɗi da marubucin waƙa? Ka zaɓa, ka tsaya a kai.

Na uku, me za ka yi da masu ƙafa biyu? Charley Pride ya jefa ƙwallo a ƙungiyar Memphis Red Sox kafin ya zama babban mawaƙin kiɗan karkarar Amurka. Bernie Williams na New York Yankees gwanin jita ne, har an taɓa sa shi cikin 'yan takarar kyautar Latin Grammy. Barry Zito da ya ajiye wasa waƙa ya kama, kuma ranar haihuwarsa, 13 ga Mayu, ita ce ta Stevie Wonder. Dokata ita ce mutum ya zauna a ɓangaren da duniya ta fi saninsa da shi, ɗaya sana'ar kuma ta shiga cikin bayani. Pride mawaƙi ne, Zito ɗan wasa.

Mataki na 3: Zana jadawalin

Buɗe shafi biyu a fayil ɗaya, ka sa wa na farko suna 'Yan wasa, na biyu Mawaƙa. Layukan tsaye su zama iri ɗaya a duka biyun, a wannan jeri: A suna, B wata, C rana, D shekara, E mabuɗi, F garin haihuwa, G raye ko marigayi, H majiya ta farko, I majiya ta biyu, J abin da aka san shi da shi.

Lura da cewa na raba ranar haihuwa gida uku. Da dalili. Excel bai san wata rana kafin 1 ga Janairun 1900 ba. In ka rubuta masa ranar Babe Ruth ko ta Ty Cobb, wanda aka haifa a 1886, a gida ɗaya, rubutu kawai zai ɗauke ta, ba kwanan wata ba, kuma duk sanda ka ce ya jera sai ya watsa su inda ya ga dama. Lamba zalla a gida uku ta raba ka da wannan ciwon kai.

Dalili na biyu ya fi wannan haɗari. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana. In ka ga 5/6/1931 a gaban sunan Willie Mays, 6 ga Mayu ke nan, ba 5 ga Yuni ba. Na taɓa cin wannan tuwon. Na fitar da Mays a watan Yuni, da hotonsa da komai, sai da wani mai karatu ya yi mini gyara a gaban jama'a. Tun daga ranar ba na kwafo kwanan wata da lambobi, sai na ga sunan watan a rubuce.

Mabuɗi shi ne lambar da za ta haɗa shafukan biyu. A gidan E2 ka rubuta =B2*100+C2, ka ja shi ƙasa. Ranar 6 ga Fabrairu za ta zama 206, 21 ga Nuwamba ta zama 1121.

Gargaɗi: kada ka manna wata da rana kai tsaye ba tare da ninkawa da 100 ba. In ka yi haka, 11 ga Janairu da 1 ga Nuwamba duk 111 za su fito, sai ka wayi gari ka haɗa mutanen da wata tara da 'yan kwanaki ke tsakaninsu.

Mataki na 4: Cika ɓangaren 'yan wasa

Hanya biyu ce, ta mai gaggawa da ta mai dogon zango.

Ta mai gaggawa: Baseball-Reference na da shafin waɗanda aka haifa a kowace rana. Ka zaɓi wata da rana, sunaye su zubo da shekarunsu. Jerin zai yi maka yawa, mafi yawansu kuma ko a Amurka ba wanda ya tuna da su, wani wasa biyu ya buga a 1912 ya koma gona. Danna kan layin da ke nuna yawan shekarun da mutum ya yi yana wasa, ko yawan zuwansa wasan zaɓaɓɓun taurari, jerin zai sake tsari manya su hau sama. Ɗauki uku zuwa biyar na farko ka wuce.

Ta mai dogon zango: sauke rumbun bayanai na Lahman, wanda kyauta ne. A cikinsa akwai fayil mai suna People, kuma abin daɗin shi ne ya riga ya raba shekara da wata da rana gida-gida, kamar yadda muka tsara. Ka buɗe shi, ka kwashe abin da kake so, ka yi mabuɗi sau ɗaya, shekara guda ta samu. Wasu 'yan wasan ƙarni na 19 za ka tarar gidan ranarsu fayau. Share su daga kwafinka, kada ka cike musu da ka.

Gargaɗi a kan suna: besbol wasa ne na gado, uba da ɗa suna ɗaya sun yi yawa. Ken Griffey babba an haife shi 10 ga Afrilun 1950, ɗansa Ken Griffey ƙarami 21 ga Nuwamban 1969. A rumbun Lahman kowa da lambarsa, uban griffke01, ɗan griffke02. Da lambar za ka yi aiki, ba da suna ba.

Akwai kuma sunan da ke ɓangarori biyu. Bobby Brown ɗan wasan Yankees, wanda daga baya ya zama likitan zuciya har ya shugabanci gasar American League, an haife shi 25 ga Oktoban 1924. Bobby Brown mawaƙi kuwa 5 ga Fabrairun 1969 ne, shi ne abokin ranar Hank Aaron. In ka rikita su, ka ɓata rana biyu a lokaci guda.

Mataki na 5: Cika ɓangaren mawaƙa

A nan babu rumbu guda mai tsafta irin na besbol. Masu besbol mutane ne masu son lissafi, sun fi shekara ɗari suna rubuta komai. Masana'antar waƙa kuwa ta saba da rage shekaru da canza suna.

Fara da shafin ranar a Wikipedia ta Turanci, domin ta fi cika a wannan fanni. Kowane shafin rana kashi-kashi ne: abubuwan da suka faru, haihuwa, mutuwa. Bi sashen haihuwa, ka tsinci masu waƙa da kiɗa.

Gargaɗi: ka tabbata a sashen da kake. Ranar 16 ga Agusta ita ce babban tarko. Za ka ga Babe Ruth, ka ga Elvis Presley, ka ga Aretha Franklin, zuciyarka ta ce yau na yi tsuntuwa. Duk ukun ranar suka rasu, a 1948 da 1977 da 2018. Waɗanda aka haifa a ranar su ne Madonna a 1958 da ɗan Japan mai jefa ƙwallo Yu Darvish a 1986. Elvis ɗan 8 ga Janairu ne, shi da David Bowie, abokan ranarsu a ɓangaren 'yan wasa kuma Bruce Sutter da Jason Giambi.

Daga nan ka duba kowane suna a MusicBrainz. Abin lura shi ne shafin yana ajiye mutum ɗaya da ƙungiyar mawaƙa a tsari iri ɗaya, ranar da ke gaban ƙungiya ta kafuwarta ce. Ka tabbata mutum kake dubawa. Ka kuma rubuta sunan yanka kusa da na sana'a, domin duk wata takarda ta hukuma da shi take: Snoop Dogg Calvin Broadus ne, Shaggy kuma Orville Burrell.

Tunda masu karatunka mutanenmu ne, ka sa mawaƙan da suka sani, in dai ranar ta tabbata. Fela Kuti 15 ga Oktoban 1938 ne, rana ɗaya da Jim Palmer na Baltimore Orioles. Youssou N'Dour 1 ga Oktoban 1959, shi da Mark McGwire. Burna Boy 2 ga Yulin 1991, shi da José Canseco. Amma manyan mawaƙanmu na gargajiya da aka haifa lokacin da ba a rubuta ranar haihuwa, irin su Alhaji Mamman Shata da shekarar 1923 ake ambata masa, ba sa shiga irin wannan jeri, kuma ba raini ba ne. In ka ga 1 ga Janairu a gaban sunan wani dattijo, ka ɗauka cike gurbi ne har sai an nuna maka hujja. Mu da muka ga yadda ake cike fom a garuruwanmu mun san wannan.

Mataki na 6: Tantance kowace rana

Ga inda aikin yake. Dokar ita ce majiya biyu, kuma waɗanda ba su kwafi juna ba. Shafukan nan masu jera ranakun haihuwar shahararru, goma daga cikinsu majiya ɗaya ce, domin junansu suke kwafa har da kuskuren. Majiya ta biyu ta zama mai nauyi: tarihin SABR, shafin zauren girmama gwarzayen besbol da ke Cooperstown, labarin rasuwa a babbar jarida, ko littafin tarihin mutumin.

Kada ka ce ai mutumin da bakinsa ya faɗa. Babe Ruth ya kai kusan shekara 40 yana ɗauka ranar 7 ga Fabrairun 1894 aka haife shi. Sai da ya nemi fasfo a 1934, aka ciro takardar haihuwarsa, aka ga 6 ga Fabrairun 1895. Duk da haka ya ci gaba da bikinsa ranar 7. Wanda ya bi bikin zai haɗa shi da mawaƙi Garth Brooks, wanda ya bi takarda ya haɗa shi da Marley. Takarda ake bi.

Louis Armstrong har ya koma ga Mahaliccinsa yana cewa 4 ga Yulin 1900 aka haife shi, ranar 'yancin Amurka, a farkon sabon ƙarni. Labari mai daɗi. A shekarun 1980 aka gano rajistar cocin da aka yi masa baftisma a New Orleans, ta nuna 4 ga Agustan 1901. Wata guda cur ya matsa, ya koma rana ɗaya da Roger Clemens. Tsofaffin littattafai har yau tsohuwar ranar ce a cikinsu, shi ya sa tsufan majiya ba hujja ba ne. Haka mawaƙin New Orleans ɗin nan Dr. John: shekara da shekaru ana rubuta masa 21 ga Nuwamban 1940, sai gab da rasuwarsa aka tabbatar 20 ga Nuwamban 1941 ce. Duk jerin da ya haɗa shi da ɗan wasa Stan Musial, ɗan 21 ga Nuwamba, tsoho ne, ba a gyara ba.

Kuskuren iri biyu ne, kuma ya kamata ka bambance su. Akwai wanda shekara kawai ya taɓa. Miguel Tejada ya amsa a 2008 cewa ya girmi shekarun da ke takardunsa da biyu, 1974 aka haife shi ba 1976 ba, amma ranar tana nan, 25 ga Mayu. Loretta Lynn ma an daɗe ana rage mata shekaru kafin a gano 1932 ce, ranarta dai 14 ga Afrilu, ita da Pete Rose da Greg Maddux. Irin wannan haɗin bai lalace ba, lissafin shekaru ne kawai za ka gyara.

Akwai kuma wanda ya rushe komai. Mai jefa ƙwallon Cleveland da aka sani da Fausto Carmona, a Janairun 2012 aka gano a Jamhuriyar Dominika cewa sunan ma ba nasa ba ne. Roberto Hernández ne, kuma ba 7 ga Disamban 1983 aka haife shi ba, 30 ga Agustan 1980 ne. Dalilin irin wannan a fili yake: ƙungiyoyi sun fi biyan kuɗi mai tsoka a kan yaro ɗan 16 fiye da saurayi ɗan 19, sai talauci ya sa a ari takardar wani. Mai bin ƙwallon ƙafa ba baƙon wannan labari ba ne. Don haka duk ɗan wasan da ka ji an taɓa ce-ce-ku-ce a kan shekarunsa, ka nemi bayani mafi sabunta.

In majiyoyi biyu masu nauyi suka saɓa a kan rana, ka shafa wa layin jan launi ka ajiye shi gefe. Kana da wasu hamsin a ranar. In a kan shekara kawai suka saɓa, za ka iya amfani da ranar ka yi shiru a kan shekarun. Satchel Paige, wanda ya mai da ɓoye shekarunsa abin wasa da 'yan jarida, 7 ga Yulin 1906 aka tsayar masa, abokin ranarsa kuma Ringo Starr.

Mataki na 7: Haɗa su, sannan ka zaɓa

Haɗawar minti biyar ce. Buɗe shafi na uku, ka jera mabuɗan ranakun watan a layin A. A Google Sheets ka yi amfani da umarnin FILTER ya kwaso duk sunayen da mabuɗinsu ya dace daga kowane shafi.

Gargaɗi: mutane sun fi sabawa da umarnin VLOOKUP, amma shi sunan farko da ya ci karo da shi kawai yake kawowa. A ranar 18 ga Disamba zai ba ka mutum ɗaya ya ɓoye sauran, alhali ranar ta tara Keith Richards da DMX da Christina Aguilera da Billie Eilish, ga Ty Cobb da Ronald Acuña ƙarami a ɗaya ɓangaren.

Zaɓen kuwa babu manhajar da za ta yi maka. Abin da nake tambayar kaina shi ne: bayan ranar, me kuma ya haɗa su, ko me ya raba su har abin ya ba da mamaki?

Mafi tsada shi ne rana ɗaya, shekara ɗaya. Ba su da yawa a tsakanin manya, in ka samu ka riƙe da kyau. Rod Carew da mawaƙi Donny Hathaway duk 1 ga Oktoban 1945 aka haife su, Carew ma a cikin jirgin ƙasa a Panama. Tom Seaver da Gene Clark na ƙungiyar The Byrds duk 17 ga Nuwamban 1944. Don gano irinsu sai ka ƙara mabuɗi na biyu mai haɗe da shekara: =D2*10000+E2.

Sai tazara mai cikakkiyar lamba, wadda ke zama a kai. Ruth da Marley 50. Mickey Mantle da Snoop Dogg 40, a ranar 20 ga Oktoba, 1931 da 1971.

Sai ranar da ta cika ta batse. 31 ga Janairu ta ba besbol Jackie Robinson, wanda ya karya katangar wariyar launin fata a 1947, da Ernie Banks da Nolan Ryan, a waƙa kuma Justin Timberlake. Amma wadda na fi so ita ce 21 ga Nuwamba. Stan Musial a 1920, Ken Griffey ƙarami a 1969, dukansu a ƙaramin garin Donora na jihar Pennsylvania, dukansu bahagwai ne wajen bugu. Sai ka ɗora Björk ta Iceland, ka rufe da Davido da aka haifa a Atlanta a 1992. Mai karatun da bai taɓa ganin sandar besbol ba zai tsaya saboda Davido, ya tafi da labarin Donora.

Shawarata ita ce aƙalla ɗaya daga cikin biyun ya zama sananne ga mutanenka. Michael Jackson da Roy Oswalt a 29 ga Agusta ya yi, Beyoncé da Mike Piazza a 4 ga Satumba ya yi, Ariana Grande da Derek Jeter a 26 ga Yuni ya yi. Baƙo da baƙo kuwa, ko da sun cika duk sharuɗɗa, kai kaɗai za ka ji daɗinsu.

Mataki na 8: Rubutu da hoto

Jimla uku zuwa huɗu ta isa: rana, wane ne wannan, wane ne wancan, sai abin da ya sa ka haɗa su. Yawancin masu karatunmu ba su san dokokin besbol ba, don haka lamba ɗaya tak za ka ba su, ka kuma fassara ta. Ka ce Hank Aaron ya fitar da ƙwallo daga fili sau 755, ya karya tarihin 714 da Ruth ya kafa, kuma ranar haihuwarsu kwana ɗaya ce tsakani. Wannan kowa zai gane.

Gargaɗi: duba layin G, na raye ko marigayi, kafin ka rubuta "ya cika shekara kaza". Jadawali ba ya jin labarin rasuwa. Willie Mays da Pete Rose da Rickey Henderson duk a 2024 suka rasu, wanda ya cika jadawalinsa kafin nan yana nan da su a raye. Ga marigayi sai a ce "da yana raye, da yau ya cika". Taya mamaci murna abin kunya ne da ba a mantawa.

Hoto kuma ba duk wanda Google ya nuna maka ne naka ba. Na kamfanonin dillancin hotuna irin su Getty Images na sayarwa ne. Na kyauta suna Wikimedia Commons, amma ka karanta sharaɗin kowanne, da yawa suna neman a ambaci mai ɗauka. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka na da tarin hotunan Bain, inda za ka samu Ruth da Cobb, da hotunan mawaƙan jaz na William Gottlieb, har da Armstrong. Manna biyun gefe da gefe a manhajar haɗa hoto ta Canva, na kyautar ya wadatar. Kada ka ɗora waƙar mawaƙin a ƙarƙashin bidiyo, Facebook da YouTube na iya kashe sautin ko su sauke shi gaba ɗaya.

Mataki na 9: Fitarwa da kula da jadawali

Ka riƙa gaba da kanka da wata guda. Meta Business Suite, manhajar kula da shafin Facebook, na ba da damar tsara rubutu ya fita da kansa a ranar da ka sa, kyauta. Agogon masu karatunka za ka bi. Ranar haihuwa ba ta canzawa don bambancin lokaci: Shohei Ohtani ɗan 5 ga Yuli ne ko da Japan ta riga Najeriya da Nijar shiga ranar da awa 8. Amma duk abin da ka tsara tun da wuri, ka sake leƙa shi da safiyar ranar, saboda layin G ɗin nan.

Sai 29 ga Fabrairu. Mutanenta ba su da yawa amma suna da kyau: Al Rosen na Cleveland a 1924, Khaled na Aljeriya a 1960, Ja Rule a 1976. A shekarar da babu ranar, ka fitar da su a 28 ga wata, ka faɗa ƙarara cewa 'yan 29 ne, kada ka canza musu mabuɗi daga 229. Ka kuma ƙara layin K a jadawalin, inda za ka riƙa rubuta shekarar da ka yi amfani da kowane haɗi, domin in Fabrairu ta zagayo ka san Marley ya riga ya fita, bana sai Natalie Cole ko Axl Rose su tsaya kusa da Ruth.